Taken Kaftin Majid: kiɗan da ya iso mana babu sunan mai shi

Idan kana cikin waɗanda suka bi shirinmu na tarihi a makonnin baya, ka ji lokacin da muka saka wani saƙon murya da ya zo mana daga Wadi Bawanis, kwarin nan da ke arewa maso gabas da Sabha a ƙasar Libiya, inda garuruwan Tamanhint da Samnu da Zigan suke. Mai saƙon mutumin ƙasar Damagaram ne, yana aikin ban-ruwa a wata gonar dabino kusa da Samnu. Bai ce a gaishe masa da kowa ba, bai kuma nemi waƙar fim ba. Fito ya yi da baki na kusan rabin minti, sannan ya roƙa a binciko masa sunan wannan kiɗa da sunan wanda ya yi shi.

Dalilinsa shi ne ya sa muka ɗauki maganar da nauyi. Ya ce mahaifinsu ya yi aiki a Sabha a shekarun 1990, kuma cikin tsarabar da ya dawo da ita akwai na'urar gem da wani kaset rawaya na wasan ƙwallo. Shi da yayansa sukan jona ta da ɗan ƙaramin talabijin mai aiki da batirin mota, su yi ta bugu har batirin ya mutu. Yayan nan ya rasu bara, shi kuwa yana can Fazzan, ko jana'iza bai samu ba. Tun daga ranar, in ji shi, kiɗan ke dawo masa a kunne idan yana jan tiyo tsakanin dabinai, ga shi bai san sunansa ba balle ya nemo shi a waya.

Ba a kwana biyu ba masu sauraro daga Agadas da Kano da cikin garin Sabha suka amsa, bakinsu ya zo ɗaya: Kaftin Majid ne. To sun yi gaskiya. Sai dai da muka tambaye su wa ya tsara kiɗan, babu wanda ya sani. Abin da muka tono kenan, ga shi kuma mun rubuta maka a tsanake, tunda maganar rediyo iska ce ke tafiya da ita.

Labarin ya faro daga Japan. A 1981 wani matashin mai zane, Yoichi Takahashi, ya fara buga labarin wani yaro ɗan ƙwallo mai suna Tsubasa a mujallar Shonen Jump ta mako-mako. Gasar cin kofin duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina ce ta sa masa son ƙwallo, a lokacin da wasan bai yi ƙarfi a ƙasarsu ba. A 1983 aka mayar da labarin katun na talabijin. Da ya shiga Faransa sai aka raɗa masa Olive et Tom, sunan da wasu 'yan Nijar suka san shi da shi. Da aka juya shi zuwa Larabci kuwa, Tsubasa ya koma Majid, mai tsaron gidansa ya zama Walid, abokinsa Yasin, babban abokin hamayyarsa kuma Bassam. Farin jininsa a ƙasashen Larabawa ya kai har lokacin da Japan ta kai motocin dakon ruwa garin Samawa na Iraƙi bayan yaƙin 2003, hoton Kaftin Majid aka manna a jikinsu.

A wannan shekara ta 1983, ranar 15 ga Yuli, kamfanin Nintendo ya fito da wata na'urar wasa mai launin fari da ja, Family Computer, wadda aka taƙaita sunanta zuwa Famicom. A 1985 ta shiga Amurka da wata kama da wani suna, NES. An sayar da fiye da miliyan 61 a duniya. A kanta ne kamfanin Tecmo ya fitar da wasan Captain Tsubasa na farko a 1988, sannan na biyu a watan Yulin 1990. Wannan na biyun shi ne kaset ɗin mutumin Samnu, kiɗan da ya yi mana fitonsa kuwa taken ƙungiyar Sao Paulo ne, wadda da ita ake fara wasan.

Yanzu za ka ce, to yaya aka yi kayan Japan ya kai ƙauyen Damagaram? Ka san dai Tecmo bai taɓa fitar da wannan wasa na biyu a wajen Japan ba. Ta bayan fage ya fita. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana'antu a Taiwan, daga baya kuma a Sin, suka riƙa ƙera kwaikwayon Famicom da araha. Akwai Micro Genius, akwai Dendy da ta mamaye Rasha daga 1992, akwai Terminator baƙa mai zuwa da bindigar harbin agwagi. Kasusuwansu galibi rawaya ne, wasu a rubuta musu cewa akwai wasa dubu ko miliyan a ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Larabawa suka riƙa kiran na'urar kwamfutar iyali, wasu kuma su ce Atari ko da ba Atari ba ce.

Shekarun nan kuwa su ne lokacin da hanyar Agadas zuwa Dirku, zuwa Madama da Tummo, zuwa Gatrun har Sabha ta cika da masu neman aiki. Daga Afrilun 1992 zuwa Afrilun 1999 takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana jiragen sama shiga da fita Libiya, gwamnatin ƙasar ta juya fuskarta kudu, har aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus a 1998, Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta. Wanda ya yi shekara biyu ko uku a gona ko wurin gini yakan dawo da bargo da darduma da rediyo da taliya. Mai 'ya'ya maza kuma, in hali ya yi, ya haɗo da gem. A ɓangaren Najeriya irin waɗannan na'urori ta Legas suke shigowa su hauro Kano. Hanyar da kakanni suka bi da raƙuma tsakanin Murzuk da Kano, ita ce jikoki suka biyo da kaset rawaya a cikin jaka.

Ga inda kiɗa ya shigo. Wannan wasa ba irin ƙwallon gem da ka sani ba ne, wanda kake danna maɓalli ɗan wasa ya buga nan take. A nan idan ka danna sai komai ya tsaya, rubutu ya fito, ka zaɓa: ka yanke, ko ka ba da, ko ka buga raga. Kowane bugu na musamman yana cin ƙarfin ɗan wasa, in ƙarfin ya ƙare shi kenan. A ƙasan allo kuma ga wani mai sharhi yana ta bayani a rubuce. Duk wannan da Japananci. Daga baya ne wasu suka fitar da kwafin da aka juya zuwa Larabci, amma yara da yawa na Japanancin suka samu. Ba a kuma ajiye inda aka tsaya a cikin kaset ɗin. In ka ci wasa sai a ba ka jerin haruffan Japan, ka kwafe su, gobe ka shigar ka ci gaba. Mai saƙonmu ya ce yayansa ne mai wannan aiki, yana da littafin makaranta guda da ya cika da zanen haruffan da bai san karatunsu ba, kuma in ƙugiya ɗaya ta karkace, wasan mako guda ya tafi.

Yaron da ba ya karanta abin da ke kan allo, da me zai gane halin da ake ciki? Da kunne. Masu tsara wasan sun ba kowace ƙungiyar da kake riƙewa nata kiɗa: Sao Paulo da nata, makarantar Nankatsu da nata, ƙungiyar ƙasar Japan da nata. Da zarar an ƙwace maka ƙwallo sai kiɗan ya juya zuwa na abokan karawa. Manyan abokan hamayya, irin ƙungiyar Bassam da Jamus da Burazil, kowa da nasa na daban. Ko kana tsakar gida an aike ka ɗebo ruwa, kana jin sauti ka san ƙwallo na ƙafar wa.

Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, don yana da sunansa tun tuni: take. Je ka filin dambe ka gani. Makaɗi na ɗora kalangu a kan taken wani ɗan dambe, kafin a ambaci sunansa 'yan kallo sun san wanda ake kira, shi kuma tsuma ta kama shi. Haka Ɗan Anace ya yi wa Shago, haka Sagalo ya yi wa 'yan kokawar Nijar. A wurinmu wasan ƙarfi ba ya tafiya babu kiɗa, kuma kiɗan na mutum ne, da shi ake gane shi. Ina ganin shi ya sa wannan kaset ya zauna a kunnen yaranmu fiye da sauran wasannin ƙwallo na zamaninsa. Mutanen Tokyo ba su san kalangu ba, amma dabarar da suka yi ta faɗo daidai kan abin da kunnenmu ya saba da shi.

Bari mu leƙa cikin na'urar ka ga da abin da aka yi wannan aiki. A cikin Famicom akwai wani ɗan mitsitsin ƙarfe, irin wanda masu gyaran rediyo ke kira aisi, na kamfanin Ricoh, lambarsa 2A03. Shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne kuma makaɗinta. Muryoyi biyar kacal gare shi. Biyu masu kaifi ne kamar algaita, su ke ɗaukar karin waƙa. Ta uku mai kauri ce, tana riƙe ƙasa. Ta huɗu shuu kawai take yi kamar rediyon da ya ɓata tasha, da ita ake kwaikwayon kacau-kacau da ihun 'yan kallo. Ta biyar tana iya maimaita ɗan guntun sautin gaske da aka ɗauka, kuma 'yan Tecmo sun yi suna wajen amfani da ita a matsayin ganga. Babu wata waƙa da aka naɗa a cikin kaset ɗin kamar yadda ake naɗa ta a faifai. Umarni ne aka rubuta da lambobi: murya kaza ta yi sauti kaza na tsawon kaza. Wasan gaba ɗayansa, da hotuna da labari da kiɗa, bai kai rabin megabait ba, wato hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya fi shi nauyi.

Ƙarancin nan shi ya koya musu dabaru. In suna son amsa-kuwwa, sai murya ta biyu ta bi ta farko a baya kaɗan da sauti ƙasa-ƙasa. In suna son a ji kamar sautuka uku sun tashi tare, sai murya ɗaya ta riƙa tsalle tsakaninsu da saurin da kunne ba zai raba ba. In alƙali ya busa usur ko an buga ƙwallo, dole wata murya ta bar waƙa ta yi wannan aiki sannan ta dawo. Kuma tunda kiɗan zai yi ta zagayowa har a tashi wasa, tilas ya zama mai daɗin da ba ya gundura. Mai kuntigi ma da tsirkiya ɗaya yake cika fili, in hannun ya iya.

To su wane ne makaɗan? Babbansu shi ne Keiji Yamagishi, wanda kuma ya yi kiɗan Ninja Gaiden na 1988 da na Tecmo Bowl. Tare da shi akwai Mayuko Okamura da Mikio Saito. Amma ko da yaro ya kai ƙarshen wasan, ya doke Burazil, ya zauna kallon jerin sunaye, ba lalle ya ga waɗannan ba, domin a wancan zamani kamfanonin Japan da laƙabi suke rubuta ma'aikatansu. Yamagishi yakan fito da sunan More Yamasan, Saito kuma Metal Yuhki. Kamfani ya rufe sunan da laƙabi, masu kwafi suka sayar da aikin ba tare da sisin kwabo ya koma Tokyo ba, mu kuma muka karɓa da sunan Majid. Yamagishi ya bar harkar kiɗan gem, ya koma wasu ayyuka, har da haɗa kiɗan kiran waya, bai san cewa daga Kuwait har Fazzan akwai waɗanda suka girma suna fiton aikinsa ba.

Wanda ya je ya faɗa masa Balarabe ne. Wani matashi ɗan Kuwait, Mohammed Taher, wanda ya tashi da wannan kaset, ya nemo shi ta intanet ya roƙe shi ya sake tsara kiɗa. Daga nan aka samu kundin World 1-2 a 2013, aka kafa kamfanin Brave Wave, kuma a 2015 Yamagishi ya fitar da kundinsa na kansa, Retro-Active, da cikakken sunansa a jiki.

Kada ka ɗauka wannan ciwo na Japan ne kaɗai. A Nijar akwai Mamman Sani, wanda ya samu wani ogan na lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kaset a 1978. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, kowa ya san sautin, kaɗan ne suka san mai shi. Sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, ya sake fitar da shi a 2013, sannan duniya ta san sunan. Mu ma'aikatan rediyo muna da laifi a nan, gaskiya. Sau nawa muke buɗe shiri da kiɗan wani, shekara biyar, ba mu taɓa faɗin ko wane ne ba?

Zamanin muryoyi biyar bai daɗe ba. Sega ta fito da Mega Drive a 1988, da aisin sauti na Yamaha mai muryoyi shida, kamfanin da fiyanonsa ya zama uwar kiɗan finafinan Kano daga shekarun 1990. A kan Mega Drive aka fara FIFA a Disambar 1993. Da PlayStation ta kawo faifai, wuri ya yalwata, sai kamfanoni suka koma sayen waƙoƙin da suka riga suka yi tashe: FIFA ta gasar 1998 ta buɗe da Song 2 ta ƙungiyar Blur, Konami kuma ta ɗauki We Will Rock You ta Queen a 2002. Wanda ya zauna a gidan gem a Kano ko Maraɗi a farkon shekarun 2000 zai tuna muryar Jon Kabira, mai sharhin Winning Eleven da Japananci, da yadda kowa ke rububin Tijjani Babangida, ɗan Kaduna na Ajax, saboda gudun da aka ba shi a wasan. Daɗi ya ƙaru, ba musu. Sai dai waƙa ta koma wurin zaɓen ƙungiya, cikin fili kuwa sharhi da ihun 'yan kallo suka gaje ta. Ƙungiya ta daina shigowa da takenta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi ba mu wahala. Da muka samo taken Sao Paulo muka saka a shiri, mutumin Samnu ya sake aiko da saƙo. Ya yi godiya, ya ce shi ne, amma kamar ana korar makaɗin, nasu bai kai haka sauri ba. Mun ɗauka shekaru ne suka rage masa gudu a ƙwaƙwalwa. Ashe shi ke da gaskiya. Talabijin na Japan yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, namu na Afirka da na Turai sau 50. Kiɗan Famicom kuwa da sauyin hoto yake ƙirga takunsa. Na'urorin kwaikwayo da aka ƙera don irin talabijin namu suna tafiyar da kaset ɗin Japan a kan 50, don haka kiɗa da wasa duka suna raguwa da kashi ɗaya cikin shida. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinsu an ƙera aisinsu da wani ɗan kuskure da ke musanya kaurin muryoyin nan biyu masu kaifi, sai amon ya ɗan bambanta da na asali. Ma'ana, abin da yaran Sabha da Damagaram suka ji ba daidai yake da abin da Yamagishi ya ji a ofishinsa ba. Nasu ya fi natsuwa, kuma shi ne wanda mutuminmu ya sani tare da yayansa.

Sai muka roƙi mai haɗa sautinmu ya rage gudun da kashi ɗaya cikin shida ba tare da ya taɓa amon ba, muka sake sakawa, muka kuma faɗi sunayen mutum ukun da suka tsara shi. A daren ya aiko da saƙo na uku, gajere. Ya ce yanzu ne ya ji shi. Ya ce zai tura wa matar marigayin ta sa wa yaran, kuma zai tambaya ko littafin haruffan nan yana nan cikin kayan da aka bari.

Mai karatu, in akwai irin wannan na'ura a ƙarƙashin gado a gidanku, ko kaset rawaya, ko littafin da wani ya cika da zanen haruffan Japan, kada a zubar. A ɗauki hotonsa a aiko mana, a faɗa mana garin da aka sayo shi da shekarar, da wanda ya kawo shi gida. In kuma wani kiɗa ne ke maka yawo a kai ba ka san mai shi ba, na gem ne ko na buɗe wani tsohon shirin rediyo, yi fitonsa ka turo ta lambar shiri. Za mu saka wa masu sauraro, in an gano mai shi mu faɗi sunansa.